Lambar da Ta Ƙi Kamawa

Jirgin ruwan farko da na gani a duniya a jikin labule na gan shi, a shagon wani Bayarabe mai ɗaukar hoto a Sabon Gari. Fari ne fat, hayaƙi na tashi daga kansa, ga wata bishiyar kwakwa ta sunkuyo kamar za ta gaishe shi. Na tsaya baki buɗe har mai shagon ya taɓa ni ya ce, "Malam, hoto ka zo ko kallo?"

Hoton fasfo na zo. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, falken goro ne a Fagge, kuma a shekarar ya ce da ni zai tafi Kumasi, lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas, don in riƙa yi masa tafinta da ɗan Turancin da na tsinta. Jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can sai na ruwa. Shi goro ne a ransa. Ni kuwa kaina cike yake da ƙananan littattafan soyayyar nan da ake bazawa a ƙasa a bakin kasuwa. A cikinsu namiji ba ya zama wani abu sai ya hau jirgi, ya ɗaga farin hankici, ya bar mace tana kuka.

Na ce a ɗauke ni gaban jirgin. Mai hoto ya ce fasfo farin ƙyalle yake so. Sai muka yi biyu. A na jirgin na riƙe ƙugu na zuba wa nesa ido, shi kuma yana ta faɗa daga ƙarƙashin baƙin mayafinsa, "Kalli nan! Jirgin ba gudu zai yi ba."

Gida ya ɗauki shiri. Kawu ya sayo laima da gidan sauro da wasu ƙwayoyin zazzaɓi masu ɗacin tsiya, ya ce can ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko. Kakata, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, Babarbariya ce, kuma ta ji labarin mutanen can rogo da barkono kawai suke ci. Ta cika mini akwatin ƙarfe da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta turara rigunana da turaren wuta wai don kada su yi fumfuna, ta cusa su a kai. Duk wanda ya buɗe akwatin ba zai san ko ɗakin amarya ya shiga ko madafa ba.

Ni ma na yi nawa shirin. Akwai 'yar telan da ke makwabtaka da mu, wadda nake zuwa zance wurinta bayan la'asar. Na haddace kalmomin ban kwana tsaf, na je na zube mata su, na miƙa mata hoton. Na ce wataƙila teku ta cinye ni, kada ta manta da ni.

Ta juya hoton ta ce, "Ai wannan labulen Sabon Gari ne. Yayana ma ya tsaya a gabansa da sallah."

Na ce na gaske yana nan tafe.

"To Allah ya tsare. In tekun ba ta cinye ka ba, ka taho mini da atamfa."

Amma dai ta soke hoton a cikin gyalenta, ni kuwa na koma gida ina tafiya kamar wanda ya riga ya ƙetare.

Abu ɗaya ya rage, lambar agana. Ba a hawa jirgin ruwa sai da katin asibiti mai hatimi, ba a buga hatimin sai malamin asibiti ya ga lambar ta kama ta yi ƙurji. Ya karce mini dantsen hagu, ya ce in dawo in ta tashi.

Ina shiga gida kakata ta ce, "Zo nan, maigida, in ga ɓarnar da suka yi wa mijina." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. Ta yanka lemon tsami, ta dangwala a toka, ta murje wurin sosai. Haka tsofaffin unguwarmu suke yi wa yara duk lokacin da masu lamba suka zagayo, don kada hannu ya kumbura. Na gode mata ma, don ban so ranar tafiya ta same ni da kumburarren hannu. Ban taɓa kawowa a raina cewa kumburin shi ake nema ba.

Na koma asibiti hannu sumul. Aka sake karcewa, kaka ta sake murjewa, na sake komawa sumul.

Nan fa Fagge ta yi mini ƙunci. Na riga na yi ban kwana da kowa, ga ni kullum ina yawo. Na daina bi ta ƙofar gidan tela, amma rannan muka yi kiciɓis da 'yarsa a bakin famfo.

"A'a! Sannu da zuwa, Bakumashe. Ya teku? Ka ga har ka yi ƙiba."

Kawu kuwa ba wasa a maganarsa. Ya ce an riga an sa ranar jirgi, goro ba ya jiran kowa, in wannan karon ba ta kama ba in kwashe daddawata daga akwati, shi kaɗai zai tafi.

Karo na uku malamin asibitin, wani dattijo mai tabarau, bai ɗauki allura ba tukuna. Ya ɗaga hannuna ya shinshina.

"Akwai tsohuwa a gidanku?"

Na ce akwai.

Ya gyaɗa kai. Ya naɗe mini hannun riga na dama, ya karce can sama kusa da kafaɗa, ya sauke rigar. Sannan ya shafa aidin a na hagu ya manna filasta ƙatuwa.

"Wannan na tsohuwa ne," in ji shi. "Wancan na gwamnati. Kada ka haɗa su."

Kaka ta ɓare filasta ta murje nata da himma, safe da yamma. Na gwamnati kuwa ya yi ja, ya tasa, ya kawo zazzaɓi, hammatata ta yi kaluluwa. Na ɓoye duk wannan, sai dai tuwo ya tona ni. Na zauna cin abincin rana, hannun dama ya ƙi kaiwa baki. Na sunkuyar da kai ina bin lomar kamar akuya. Kaka ta zuba mini ido, ta taso, ta ɗage rigar.

Ta daɗe tana kallon ƙurjin.

"Ashe da hannu biyu ka je."

Na fara yi mata bayanin hatimi, ta katse ni.

"Ka ɗauka ban sani ba? Ni ka mayar yarinya? Kakanka rani ɗaya ya ce zai yi a ƙasar goro. Ya bar ni da kawunka a goye. Har yau ranin bai ƙare ba. Ƙasar can riƙe maza take yi."

Ta share ido da bakin zane, ta ɗauko cokali ta shiga ba ni tuwon a baki, tana zagina, wai ko mijin kirki ban kai ba, ga ƙaton kai ga ha'inci.

Aka buga hatimi. Ranar tafiya da hantsi muka isa tashar jirgi, 'yan dako na ta ɗora kaya, masu talla na bin tagogi. 'Yar tela ba ta zo ba. 'Yan matan Fagge ba sa raka samari tasha, littattafan ne ba su faɗa mini ba. Kaka ce ta zo, da sandarta. Da jirgi ya yi kuka ya motsa, na zaro hankicina da hannun hagu, don na dama ba ya ɗaguwa. Ita kuwa tana tsaye hawaye shaɓe-shaɓe tana ƙwala mini kira, in riƙa shanya daddawar in rana ta fito.

Damina biyu na yi a Kumasi na dawo, da huhunan goro da ƙurajen cizon sauro. Kawu ya ce in yi gaba, yana nan tafe in ya kammala wasu 'yan abubuwa. Abubuwan suka zama rumfa a zangon Hausawa, rumfa ta zama aure, aure ya zama 'ya'ya masu wata irin Hausa da ke ba Kanawa dariya. Duk shekara yana aiko wa uwarsa farin goro da saƙon cewa bana zai zo. Ita kuma ta fasa goron ta raba wa makwabta ta ce, "Na tsaya gadin yaro, babba ya sulale." Ya tsufa a can, har ya zama shi ke sasanta rigimar fatake in ta taso, kuma a can aka binne shi.