Akwatunan Baba Bulus

Duk daɗewar da zan yi a duniya ba na jin zan manta da wata Alhamis ta ƙarshen watan Maris, ranar da na ɗauko akwatuna goma sha biyu daga Birmingham na kawo su Manchester, na bar ashirin da huɗu a baya. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna tsokanata, wai Malam Sa'idu yana amsa imel kamar ana binsa da bulala. To ku gyara zama ku ji dalili.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin lab, wato ɗakin bincike, na uni, jami'a ke nan, a Birmingham. Ni ba dakta ba ne, ba farfesa ba. Muƙamina mai kula da samfura: ni ke karɓarsu, in sa musu lamba, in jera su a firiza, in san inda kowanne yake. Shugabarmu Farfesa Helen, dattijuwa ce mai faɗa amma ba ta riƙo. Abin da take bincike a kai ƙwayoyin gado ne na aladu. E, aladu, kada ku kalle ni haka. Akwai wani zazzaɓi da ke share garken aladu cikin 'yan kwanaki, amma jefi-jefi sai a samu ɗaya ko biyu sun tsira. Tambayar Farfesa ita ce, me ke cikin jinin waɗanda suka tsira da babu a na sauran?

Samfuran da muka fi ji da su daga gida suka zo. Wani ma'aikacin dabbobi ne a Kudancin Kaduna, Baba Bulus, ya yi shekara bakwai yana bin ƙauyuka a kan babur, duk inda cutar ta ratsa sai ya je ya ɗebi jinin waɗanda suka rage. Aka tace jinin aka kawo mana abin da ake buƙata a 'yan ƙananan kwalabe, akwati talatin da shida, kowanne bai fi girman kwalin sukari biyu ba. Tare da su akwai littattafansa guda biyar, duk da Hausa ya rubuta, da biro shuɗi. Dalilin ɗaukata aiki ke nan tun farko, domin babu mai iya karanta su sai ni. Sai ka buɗe shafi ka ga ya rubuta: "Gidan Mama Laraba. Goma sha ɗaya sun mutu, uwar ta tashi. Da ita take biya wa jikokinta makaranta." Ban taɓa ganin mutumin nan ido da ido ba, amma na san rubutunsa fiye da na ƙanena. Mukan yi waya in wata kalma ta shige mini duhu. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗana.

To ga inda matsalata take. A unguwar Handsworth nake zaune, kuma ni ke koyar da yara karatun allo ranar Asabar a masallacinmu. Shekara takwas babu wanda na gaya wa dabbar da nake aiki a kanta, in ban da mai ɗakina. In an tambaye ni sai in ce aikin jini nake yi a lab, mutane su ɗauka asibiti ne, ni kuma in yi gum. Na tambayi malamai tun farkon zuwana, hankalina ya kwanta da aikin. Abin da nake tsoro bakin mutane ne. Ina jin kamar ranar da aka ji, iyaye za su janye 'ya'yansu, a riƙa nuna ni a bas.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Kun dai ji labari: council, hukumar gari, na rufe ɗakunan karatu, uni na haɗe sassa, kowane wata a ji an sallami wasu. Wata Litinin shugaban sashe ya tara mu ya ce za a rufe lab ɗinmu. Ranar Juma'ar ƙarshe ta Maris za a kashe firizoji, duk samfurin da bai samu wurin zuwa ba za a zuba shi a jakar ƙonawa. Kuma ba abu ba ne da mutum zai sa a aljihu ya kai gida. Samfurin dabba da ya shigo daga waje, doka ta ce sai lab mai lasisi ne zai riƙe shi, irin waɗannan kuwa ba su da yawa.

Masu binciken aladu a duniya ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa. Suna da zaure guda na imel inda ake sanar da komai: wa ya gano me, wa ke neman abokin aiki, wa ya rasu. Duk ƙarshen wata a tattara a fitar da wasiƙar labarai, a sa a intanet, kowa na iya gani. Kuma suna da al'ada mai ƙarfi: samfura ba sa sauya hannu a ɓoye. Mai riƙe da su shi zai fito zaure da cikakken sunansa ya ce ga abin da ke hannuna, ga inda ya fito, wa zai karɓa? Ta haka ko bayan shekara ashirin ana iya bin sawun kowace kwalba.

Ana cikin haka aka kwantar da Farfesa za a yi mata aikin zuciya. Na je duba ta, ta kama hannun rigata ta ce, "Sa'idu, kai ne mai riƙe da su yanzu. Ka rubuta a zaure yau, today, ka ji ni?" Na ce na ji, ranki ya daɗe.

Kashegari, kamar an shirya, wani Dakta Owen na Manchester ya sanar a zauren cewa yana da kanta guda a firiza babu komai a kai. Ya ce duk wanda ake rufe wa lab ya yi magana a nan zaure, kowa ya gani, wanda ya riga shi zai samu. Kanta guda! Za ta ɗauke talatin da shidan nan har wuri ya rage.

Na rubuta sanarwar. Wallahi na rubuta ta, ba ta fi layi takwas ba. Na zo wurin sa suna sai hannuna ya tsaya. Na hango sunana, Sa'idu, da sunan mahaifina, a jere da kalmar alade a intanet, inda kowane yaro da waya zai iya tonowa. Na ce bari dai Farfesa ta farfaɗo ta aika da sunanta, ai kwana biyu ne. Kwana biyu ya zama biyar. Aikin ya zo mata da tangarɗa, ba ta ko iya magana sosai. Kullum in buɗe saƙon in karanta, in gyara waƙafi, in rufe. Ina wucewa ta gaban firizar nan tana gurnani, sai in kau da kai. Mai ɗakina ta ce, "Malam, wai me kake jira ne? Sata ka yi?" Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba, don na san gaskiya ta faɗa.

Kwana goma sha biyu na yi ina wannan shirme. Ran na sha uku, da na ga ma'aikata sun fara manna takardar kashewa a jikin firizoji, na sa sunana na aika. Ko awa ɗaya ba a yi ba Dakta Owen ya kira ni. Bai ko tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce, "Samfuran Kaduna ne a hannunka? Mutumin kirki, ina ka shiga mako biyu? Na ba wasu wurin ranar Talata. Da na san waɗannan na neman gida da ban ba kowa ba." Ya je ya matsa nan ya matsa can, ya dawo ya ce iyakar abin da zai iya goma sha biyu ne. Mutanen zauren nan, Allah ya saka musu, sun yi ta yaɗa saƙon. Wasu a ƙasashen waje suka ce suna so, amma takardun fitar da kaya sai an yi watanni. Na cikin gida kuwa kowa firizarsa ta cika da kayan labs ɗin da aka rufe. Na roƙi shugaban sashe ya ƙara mana mako biyu. Ya ce, "I'm sorry, Sa'idu, an riga an ba da ɗakin."

Saura zaɓi ke nan. Wanne zai rayu, wanne za a ƙone? Ban ga ina da hurumin yanke wannan ni kaɗai ba. Ranar Laraba da azahar na baza littattafan biyar a kan tebur na kira Baba Bulus. Ya yi ritaya a lokacin, ina jin kukan kaji a bayansa. Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce, "Allah sarki. Wurin ne dai ba a samu ba, ko ɗana?"

Da na ce e, da magana ta ƙare, kuma har abada ba zai sani ba. Amma bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, an samu wuri. Ni ne na yi jinkiri." Ya ce jinkirin me? Na gaya masa duka, har maganar masallaci da yara.

Sai ya ce, a hankali, babu faɗa a muryarsa, "Ashe kunyarmu kake ji."

Na ce Baba ba haka ba ne. Ya ce, "To yaya ne? Ni na faɗi a kan babur sau biyu saboda jinin nan. Matan nan da ƙyar suke bari in taɓa dabbar da ta rage musu, sai na rantse musu cewa za a kai inda za a nemo magani. Yawancin ƙauyukan yanzu babu irin aladun, cutar ta dawo ta ƙarasa su. Abin da ke hannunka shi ke nan." Ya ja numfashi. "Ɗauko littafi na biyu. Mu yi aikin da ke gabanmu."

Awa biyu muka yi. Ina karanta masa sunan ƙauye, yana cewa ɗauki, ko bari. Bai duba komai ba, duk suna kansa. Ya zaɓi inda aka samu uwa da 'ya'yanta sun tsira tare, domin ya ce a nan ne gadon zai fi nunawa. Da muka zo akwatin da gidan Mama Laraba yake ciki, ya ce, "Ita kaɗai ce ta tashi, babu 'ya'ya. Bari." Na ja layi da fensir, idona ya cika da ƙwalla.

Ranar Alhamis da safe na shirya sha biyun a cikin busasshiyar ƙanƙara, na ɗauki takardar izini, na kama hanyar Manchester da motar uni. Ruwa ake yi tun daga Birmingham har Oxford Road, titin da lab ɗin Dakta Owen yake. Dakta Owen da kansa ya sauko ya taya ni ɗauka, muka ƙirga kwalba bayan kwalba, ya sa hannu na sa hannu. Na juyo ban ko sha shayin da ya ba ni ba. Da la'asar na sa safar hannu na buɗe firizarmu. Akwai mai kwasar shara da aikinsa ke nan, amma na ce ya bari. Ni na zuba ashirin da huɗun nan a jaka da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina karanta sunan kowane ƙauye.

Wasiƙar labarai ta fito ƙarshen wata da sunana ɓaro-ɓaro. Ranar Asabar na tafi masallaci. Yara suka zo kamar kullum, babu wanda ya ragu. Bayan an tashi na ja Alhaji Garba gefe, shi ne dattijon da ke kula da makarantar, na ce ina da maganar da ya kamata ya ji daga bakina. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni. "Aikin aladun? Haba Malam Sa'idu, ai mun daɗe da sani. Ɗiyata ta yi karatu a ginin naku. Ci kake yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ye? Ka zo da wuri mako mai zuwa, za a wanke kafet."

Na fita na zauna a tashar bas, bas uku suka wuce ban hau ba. Abin da na ƙona aikin bawan Allah saboda shi ke nan: ka zo da wuri za a wanke kafet.

Farfesa ta warke, ta ji labari, ta yi mini faɗan da na cancanta, ba ta sake tayar da zancen ba. Bayan wata shida Dakta Owen ya kira ni aiki nan Manchester, domin har yanzu babu mai karanta littattafan sai ni. Baba Bulus ya ci gaba da amsa wayata har Allah ya yi masa rasuwa. Bai taɓa ƙin taimaka mini da kalma ba, amma daga ranar nan Malam Sa'idu yake ce mini. Bai ƙara ce mini ɗana ba.

Abin da na koya game da wannan sana'a shi ne, kwalbar da ke hannunka ba taka ba ce. Wani ya sha rana ya ɗebo, wata ta yarda aka taɓa abin da take ci da shi, wasu a zaure suna shirye su matsa maka wuri in dai ka buɗe baki a kan lokaci ka faɗi sunanka. Mutanen nan sun yi nasu, ni ne ban yi nawa ba. Shi ya sa in saƙo ya shigo nake amsawa kafin in cire kot, ku yi ta dariyarku.

Littattafan biyar suna nan a ɗakin ajiya, a kanta ta sama, duk wanda ya fara aiki da ni sai ya karanta su. In kun je littafi na biyu za ku ga gidan Mama Laraba da layin fensir a kai. Kada ku wahalar da kanku neman kwalbar a firiza.