Gonar da Baba Bulus ya rasa saboda alkawari

Bana shekara arba'in da takwas da rasuwar mahaifina, Bulus, katekis, wato mai koyar da addini, na ƙaramin cocinmu na Katolika a wani ƙauye tsakanin Ajingi da Gaya. Na so in yi addu'ata in yi shiru kamar kullum, amma abin da na gani ranar Lahadi ya hana ni.

Mu huɗu Inna ta haifa, duk mata. A gidanmu kuwa wanda ba shi da ɗa namiji, rabonsa na gandu yana komawa ga 'yan uwansa ranar da ya mutu. Baba ya san haka sarai. Ina 'yar shekara goma, lokacin da gyada ke da daraja, yayansa Baffa Tanko ya zo har tsakar gida, Inna tana surfe, ya ce ya samo masa bazawara mai haihuwar maza.

Baba ya ce, "Yaya, a gaban bagadin coci na yi alkawari, mace ɗaya har mutuwa. Ita ba ta saɓa ba, ni ne zan saɓa?"

Baffa ya ce to ya ci alkawarin idan yunwa ta zo. Washegari Baba ya miƙa mana fartanya. Mu ne muka nome gonar nan shekara da shekaru, ana mana dariya a hanya. Da ya rasu, ko sati uku ba a yi ba aka raba ta. Inna ta koma sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Ajingi.

To ranar Lahadin nan, jikan Baffa Tanko, wanda yanzu yake noma gonar, ya shigo coci da babbar riga yana neman kujerar kansila. Bayan an gama ibadar Mas aka ba shi dama ya gaisa da jama'a. Ya yi ta zuba a kan darajar iyali da tsarkin aure, har ya kira sunan Baba, wai kakansa ne, wai a wurinsa ya koyi riƙon amana. Mutane suna tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har da Fada, limamin cocin, na ji haushi, don ya san labarin.

A bakin ƙofa na tare shi na tambaye shi gonar. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Gwaggo, ai wannan tsohon zance ne."

Da Baba yana nan, na san ba zai ɗaga murya ba, ni ce ban gaji sanyinsa ba. Amma ba zai yarda a sayi ƙuri'a da sunansa a ɗakin Allah ba, don bai taɓa wa'azin abin da bai biya da jikinsa ba.

Gona ta tafi, kuma ban sa ran za ta dawo ba. Abin da ya bar mana shi ne Inna, wadda ta yi shekara ashirin bayansa cikin rashi, amma ko sau ɗaya ba ta ba kowa haƙuri don ta haife mu mata ba.