Goron da Aka Bari a Faranti

An daɗe, wataƙila na manta wasu abubuwa. Wajajen 1995, ina digiri na biyu kan diflomasiyya, aka tura ni Maigatari sanin makamar aiki don cika makina. Na halarci zaman sulhu da wakilan Nijar kan burtalin makiyaya. Bayan fatiha aka miƙa goro. A ganina baƙin ba su ɗauka ba, alamar ba su gamsu ba.

Jami'in da ke duba ni ya ce, "Malam, rubuta an daidaita kawai."

Na rubuta abin da na gani. Ya ƙi sa mini hannu, na maimaita shekara. Har yau ina fargabar ko idona ne ya yaudare ni. Wanda ya halarci zaman, don Allah ya gyara mini idan sun ɗauki goron.