Ƙugiya Mai Gashin Zabo

A bakin tafkin Madarunfa kowa da abin da yake sa wa ƙugiyarsa, wani tana, wani dunƙulen dusa. Ɗan Baba gashin zabo yake ɗaurawa. Tun yana saurayi ya lura cewa in ruwan fari ya sauka shinge ya tashi, karfasa takan hau sama tana tsince waɗanda suka faɗa ruwa. Sai ya yanki gashi biyu su zama fukafukai, ya naɗe ƙugiyar da jan zare, ya jefa a hankali ya bar iska ta ja. Da wannan ya riƙe gida har ya aurar da 'ya'ya.

Doka guda ya gada wurin ubansa: mace ba ta taɓa kayan su. Matarsa Ɗelu, mai kitson unguwa, in tana shara kewaye gwangwanin ƙugiyoyin take yi.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, hannu kuma ya soma rawa. Autansu Hamza, mai kabu-kabu a Maradi, ya ce in damina ta faɗi tsohon bai iya su ba, zai zo ya ɗauke shi. Ɗan Baba ya san irin wannan zaman: tabarma, rediyo, jiran la'asar.

Ran da aka kwana da ruwan fari, hantsi ya same shi a gindin itacen bedi yana fama. Zaren ya kuɓuce, ƙugiya ta soke shi a yatsa.

"Malam, jini ne za ka ba kihin ko gashi?" in ji Ɗelu.

"Tahi ki ji da turminki."

"Na gama daka. Tun ɗazu nike kallo kana ɗaure iska."

Daga tafki ana jiyo muryoyin masu fatsa. Can ya tura gwangwanin da ƙafa, bai dube ta ba.

"To dokar baba hwa?"

"Baba da idonshi ya mutu."

Ta zauna, ta lashi zaren, ta naɗa shi layi-layi, ta daidaita fukafukan, har ta datse bakinsu da reza. Ya karɓa ya shafa da yatsa, ya ɗauki sandar fatsa. Ta bi shi da ƙwarya, don hanyar da santsi.

Ya jefa, ya sake jefawa. Yana jin kifi na tsotsar shinge dama da hagu, tasa ko shinshinawa. Ƙafafunsa suka yi sanyi cikin laka. Ya janyo ƙugiyar ya sake shafawa.

"Ɗelu, amarya kika yi mani."

"Mi ya same ta? Ba ta yi kyau ba?"

"Shi ne laihinta. Shingen da ya hwaɗa ruwa wahalalle ne, fiffike guda a karye, yana jan jiki. Wagga kamar za ta gidan biki."

"Shekara nawa ina gyara kan mutane, yau ka ce in ɓata?"

Ya sa gashin a baki ya tauna, ya karya fiffike guda da farce, ya jefa. Ba a jima ba zaren ya miƙe. Karfasa ce, ba ta fi tafin hannu ba. Ɗelu ta juya ta cikin ƙwarya.

"Wagga ko miya ba ta ji."

"Ki gaya ma yaronki na kama."

Ya zauna kan tudu yana haki. Rana ta yi sama, kifin ya koma ƙasa.

"Gobe ki ɗaura mani ukku," ya ce. "Munana."

"Sai in na gama kitson Zahara'u," ta ce, ta miƙa masa hannu ya tashi.