Tarin Habibu da Gwangwanayen Madara

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da wata maƙwabciyata mai sarin atamfa. Ita kasuwa za ta, ni kuwa leƙen asiri zan je. Wata biyu ke nan duk sa'ad da ƙanena Habibu ya bugo waya daga Abuja sai tari ya katse masa gaisuwa, kuma Inna ta riga ta yanke hukunci: taba yake sha. Ta ce in je in gano mata da idona. Har ƙullin yaji da kuka ta haɗa ni da su, wai kada ya gane bincike na zo.

Hanya ba laifi, ban da wuraren da ake gyara. A Tafa na taya soyayyiyar doya, da mai tuyar ta faɗi kuɗi sai da na tambaye ta ko har kaskon za ta ba ni. A Zuba direbanmu ya shiga gidan mai, ya ce a cika masa tam, yana girgiza mota don tanki ya ƙara ɗauka. Ni ce ma na leƙo ta taga ina ce wa mai zuba man ya yi sauri, wari ya ishe mu.

Ban gaya wa Habibu ina tafe ba. Na sauka a Durumi, tsallaken gidan man da yake aiki, na rakuɓe wurin wata mai gasa masara, na ja mayafi. Na fi awa ina jiran in ga ya kunna taba kafin wautata ta bayyana mini. Jama'a, wa zai ƙyasta ashana a gidan mai? Abin da dai na gani shi ne, duk motar da aka ce a cika, sai ya sunkuya ya kai kunnensa bakin tanki, hancinsa na kusan taɓa tiyo. In ya miƙe sai tari. Wata ’yar Filato da ke kan famfon gefensa ita ma haka.

Da na tsallaka ya yi murna, ni kuwa leɓɓansa nake duba ko sun yi baƙi. Na tambaye shi wannan sunkuye fa? Ya ce abin da ke katse mai da kansa ya daɗe da lalacewa, da kunne suke jin tanki ya kusa cika, in kuwa man ya zube oga, mai gidan man, ba ya sauraron uzurin kowa. Takunkumi kuma an hana su sawa, wai yana korar masu mota.

Da yamma muka bi cunkoson Mararaba zuwa ɗakinsa. Yana fita sallar magariba na hau aiki: aljihu, ƙarƙashin katifa, cikin takalmi. Ko karan ashana ban samu ba. Sai wani buhu a bayan ƙofa, cike da gwangwanayen madara da aka shanye. Nan ma zuciyata ta ba ni wani abu yake haɗawa da madarar. Ya dawo ya same ni ina sansana gwangwani.

"Yaya, Inna ce ta aiko ki, ko?" ya ce, yana dariya har tari ya kama shi. "Oga ke raba mana duk ranar da tanka ta sauke mai. Wai tana wanke ƙirji."

Wallahi kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar.

Washegari na tasa shi gaba zuwa wani ƙaramin asibiti. A matakalar bene ɗaya sau biyu ya tsaya yana haki, mutumin da ke buga ƙwallo har a kira sallah! Likitar ta saurari ƙirjinsa ta tambaye shi yaushe ya fara shan taba. Da ya faɗi aikinsa sai ta ajiye biro. Ta ce madara ciki take tafiya, ba ta san hanyar huhu ba. Ta ba shi magani, ta rubuta a ɗauki hoton ƙirji, ta ce ya nemi aikin da zai raba shi da bakin tanki. Ya ce to, ya duba agogo, ya tafi karɓar famfonsa.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Na kwaso jiki ina neman abin da yake ɓoyewa, alhali abin da ke cin ƙirjinsa a fili yake, a gaban kowa, kuma mu ne masu cewa a cika tam.

Inna na zaure tana jirana, ko jaka ban ajiye ba.

"Yana sha?"

"Ba ya sha, Inna."

Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce ashe sanyin Abuja ne kawai, a aika masa da citta da kanumfari. Ta shige ciki tana sa masa albarka. Takardar likitar tana cikin jakata har yanzu, ban san da wane baki zan karanta mata ba.