Yadda Na Auna Kaina da Mudun 'Yan Besbol

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba wanda ya tilasta mini, ba wanda ya yaudare ni. Da ƙafata na shiga, da hulata a kai, har ina ba mutane shawara a hanya.

Sana'ata tsire. Larabawan nan siriya suke ce masa, wasunsu ma gani suke abincin Hijaz ne tun fil azal, mu kuwa ba ma musu da mai saye. Mahaifina daga ƙasar Kano ya taso, ya ratso Chadi da Sudan, ya iso Makka da ni a kafaɗa da sirrin yaji a ka. A unguwar Jarwal ya fara hura wuta. Da aka rushe lungunmu aka jera otal-otal, muka koma Ka'akiyya da zama, shago kuma muka buɗe a Rusaifa. Karatuna bai yi nisa ba. Na bar makaranta ne lokacin da malami ya fara cusa haruffa cikin lissafi, don na hango abin zai zama rigima. Amma a kan nama da ƙuli-ƙuli da citta, har yau ban ga wanda zai zaunar da ni ba.

Ƙirjina ne ya fara tona mini asiri. Tari ya kama ni ya ƙi saki, likita ya ɗaga hoton huhuna ya ce hayaƙin da na sha ya ishi mutum uku. 'Ya'yana biyu da ke shagon, babban da autan, suka samu abin da suka daɗe suna nema. "Baba, ka huta mana." Duk tsohon da ya ji kalmar nan daga bakin ɗansa ya san fassararta: za a ɗauke kujerarka, gobe in ka zo a ba ka ta baƙi. Hajiya, uwar 'ya'yana, ta goya musu baya. Na ce ba inda za ni. Ranar da na bar shagon nan, ranar siriya ta mutu a Rusaifa.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga jikana, ɗan 'yata da ke aure a Dammam, ya zo jami'a ya sauka a gidanmu. Dogo ne siriri, Hausarsa kamar tsohuwar riga, duk faci-facin Larabci. Hajiya angonta take ce masa, ni kuwa ɓarawon mata. Shi kuma Sidi yake kirana, irin kiran 'yan Hijaz. Kullum in mun dawo daga sallar asuba sai ya rakuɓe a falo da waya a hannu, yana kallon waɗansu ƙarti sanye da fararen kaya, ɗaya na jifa, ɗaya riƙe da kulki, sauran sun bazu a fili kamar masu jiran mota.

"Kai ɓarawo, makokin wa ake yi a nan?"

"Besbol ne, ya Sidi. A Amurka. Yanzu can ne suke wasa."

Ashe a can Dammam ya koyi abin tun yana ƙarami, tare da 'ya'yan baƙi masu aikin mai. Na zauna don in yi masa tsiya, sai zaman ya zame mini jiki. Shayi a gabanmu, shi yana bayani da rabin Hausa, ni ina gyara masa Hausar ina ɓata masa wasan. Na gane cewa mai jifa so yake ƙwallo ta wuce mai kulki. In mai kulki ya kuskure sau uku ya koma benci. In ya same ta sai ya yar da kulkin ya zura da gudu, kusurwa zuwa kusurwa, har ya dawo inda ya tashi. Na ce wannan ai wahalar banza ce, mutum ya yi gudu ya dawo inda yake. Yaron ya ce, "Kamar ɗawafi, ya Sidi?" Na ce ya kiyayi bakinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wai ko gwanin gwanaye kuskurensa ya fi samunsa yawa, kuma ana tafa masa. Na ce da ni ne nake ƙona nama fiye da wanda nake gasawa daidai, da tuni na koma tura keken alhazai.

Da wasannin shekarar suka zo ƙarshe, sai yaron ya shiga damuwar wa za a ba gwarzon shekara, wato ɗan wasan da ya fi kowa daraja. Na ce wannan ai ba abin tunani ba ne. A ba wanda ya fi kowa cilla ƙwallo waje. A dambe ma wanda ya kayar ake ɗagawa, ba wanda ya iya tsayuwa ba.

"La, ya Sidi, ba haka kawai ba. Akwai mai bugu da ƙarfi, amma in aka juya ya koma tsaron fili, ƙwallo ta zo wajensa, sai ta zube. Abin da ya kawo da hannun dama ya zubar da na hagu."

"To a ba na ƙungiyar da ta ci kofi."

"In shi gwani ne, abokansa ne ragwaye fa? Laifinsa ne?"

Na ce laifinsa ne mana, wa ya aike shi zama da ragwaye.

Ya yi dariya, ya ajiye wayar, ya ce yanzu masu lissafi sun fito da wani awo. Sai a ce, a cire wannan ɗan wasa, a sa wani gama-gari a gurbinsa, irin wanda ake samu ko'ina. Wasa nawa ƙungiyar za ta rasa? Wannan giɓin shi ne darajarsa. Wanda giɓinsa ya fi faɗi, shi ne gwarzo.

Na ƙura masa ido. Shi ya ɗauka ban gane ba ne. Ni kuwa a rayuwata ban taɓa gane abu da sauri haka ba. Na ce a raina, ashe Turawa ma wani lokaci suna faɗin gaskiya. Ga hujjar da nake nema ta zo har falona, a wayar ɓarawon mata.

Da yamma na tara 'ya'yana, na sunkuyar da kai irin na wanda aka fi ƙarfi, na ce na yarda zan huta. Babban ya yi hamdala. Autan ya kalle ni a kaikaice, don shi ya fi sanin halina. Lokacin kuwa 'yan Umara sun cika gari, shago ba masaka tsinke. Na bar musu yajin da ke cikin tulu, ban ce musu uffan a kan haɗinsa ba. Na san ba zai daɗe ba. Jikana kaɗai na gaya wa gaskiya, na naɗa shi alƙalin awo: in ya taso daga jami'a ya biya ta Rusaifa, ya zo mini da labarin giɓi.

"Sidi, wannan ba awon mutane ba ne, na wasa ne."

"Su 'yan wasan aljanu ne? Je ka auno."

Na zauna a gida. Ni kuwa mutum ne da ba ya iya ganin aiki ya kau da kai, don haka na shiga taimaka wa Hajiya. Na gano cewa tun aurenmu gishirinta yana ɗan wuce kima, na sanar da ita cikin ladabi. Na sake mata jerin kayan ƙamshi a kicin, na tsara su daga mai zafi zuwa mai sanyi, yadda hankali zai ɗauka. Na lura na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ba dalili, na riƙa kashewa. In wayarta ta yi ƙara tana salla sai in amsa, in tsaya in gaisa da mai kiran yadda ya kamata, in tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ƙawayenta suka zo shan gahawa, na ga bai dace maigida ya ɓuya kamar mara gaskiya ba, na tsaya daga bakin ƙofa na warware musu wata rigimar surukai da suka daɗe suna juyawa. Ba su sake zuwa ba, alamar maganar ta warware ke nan.

Kullum da magariba nakan tare yaron tun daga matakala.

"Yaya shago?"

"Zahma, ya Sidi. Cunkoso, mutane har titi."

"Suna ƙorafi?"

"Suna ci."

Na ce a bari yaji ya ƙare tukuna. Ya ƙare. Na saka sabuwar riga na zauna kusa da waya, ina shirya irin muryar da zan amsa da ita in sun kira, ba fushi ba, ba kuma saurin yafiya ba. Wayar ba ta yi ƙara ba. Da dare ya ɗan yi sai yaron ya shigo da ƙunshi a hannu, ya ce kawunsa autan ne ya ce a kawo mini.

Na buɗe. Na shinshina. Na ɗauki yanka ɗaya na tauna a hankali, ina lalube da harshe inda zan kama shi. Na ce citta za ta yi yawa, ba ta yi ba. Na ce to ƙuli-ƙulin zai yi ɗanye, bai yi ba. Na ci na biyu don shari'a ba ta tsayuwa da shaida ɗaya. Yajina ne, ba ragi ba ƙari. Yaron nan da nake kora daga bakin turmi tun yana rarrafe, ashe idonsa na kan hannuna duk shekarun nan.

Na so in yi fushi, har na fara. Amma naman na bakina, kuma ɗanɗanon da nake ji shi ne wanda na fara ji a Jarwal ina tsaye kusa da gwiwar mahaifina. Wannan abu ya tsallake Chadi, ya tsallake Sudan, ya tsallake teku, ga shi yanzu ya tsallake ni ma. Na cinye ƙunshin duka, ban rage wa Hajiya ba.

"To, alƙali," na ce, "faɗi awo."

Ya sosa ƙeya. "In da awon nan ne, ya Sidi... sifir."

"Sifili?"

"Amma wanda aka sa a gurbinka ba gama-gari ba ne. Kai ka yi shi. Awon bai san wannan ba." Ya lalubo sauran Hausarsa. "Kuma tsofaffin nan da ke zama a bencin waje, abokanka, yanzu saye suke su tafi. Ɗaya ya ce nama na nan, amma ba wanda zai zage shi yadda ka saba."

Na riƙe wannan magana kamar wanda ruwa ya ci ya samu igiya. Na ce a rubuta ta a cikin awo. Ya ce ba a rubuta zagi a besbol. Na ce shi ya sa wasan ba ya da armashi.

Duk da haka na kwana da sanin cewa na faɗi. Da hannuna na ba 'ya'yana hujjar da ba su da ita: shago na tafiya ba ni. Kujerata ta tafi ke nan, kuma ni na kai ta kasuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'ya'yan suka zo cin abinci kamar yadda aka saba. An shimfiɗa leda, an ajiye farantin shinkafa, kowa ya sa hannu. Ni ina jiran babban ya buɗe baki ya ce, to Baba, ka gani. Sai Hajiya ta riga shi. Daga inda take zaune ta ce, "Gobe babanku zai koma shago."

Babban ya ajiye loma. "Umma, likita fa ya ce..."

"Likita hayaƙi ya hana, bai hana titi ba. Ku fitar masa da kujera waje kusa da bencin tsofaffi, inda iska ke kaɗawa. Kada ya taɓa wuta, kada ya taɓa turmi. Ya zauna ya yi surutunsa. Kai auta, kai za ka riƙa ɗaukarsa a mota, kuma ba sai ka yi saurin dawo da shi ba."

Autan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Babban ya ce, "Tayyib, Umma." A gidanmu in Hajiya ta yanke, ba ɗaukaka ƙara.

Ni kuwa sai na ji ƙirjina ya buɗe, tarin ma ya ja da baya. Nan ne ya kamata mai hankali ya ci shinkafarsa ya yi shiru. Amma na riga na gaya muku ko ni wane ne a labarin nan. Na gyara zama, na gyara hula, na nuna jikana da yatsa.

"Ka ji ko, ɓarawon mata? Je ka gaya wa masu lissafinka su sake awo. Matar da ta fi kowa sanina a duniya, wadda da bakinta ta ce in huta, yau ita ce ta ga giɓin da na bari. Ba a yi wata biyu ba ta ce a mayar da gwarzo fili. Wannan in ba gwarzon shekara ba ne, mene ne?"

Hajiya ba ta ko ɗago ba. Ta tura wa angonta tsokar nama gabansa, ta ce, "Alhaji, awon yaron nan daidai yake, wurin da ya je aunawa ne ba daidai ba. A shago ba wanda ya ji rashinka. A gidan nan ne muka ji zamanka. In kofi kake so, ka riƙa fita tun da safe, ni da hannuna zan ba ka."