Sitiyarin Hannun Hagu

Ban taɓa son motar nan ba, gara in faɗa tun yanzu. Wata 'yar ƙarama ce ja, mai kujera biyu, ba ta da rufi, irin ta Turawan da, wadda in ka shiga sai ka ji kamar a kan tabarma ka zauna. Maigidana ya saye ta tun yaranmu suna firamare, ya ajiye ta a garejin da yake haya a bayan gidanmu a unguwar Deptford, nan ƙasar Turawa. Yau yaran sun yi aure har sun hayayyafa, ita kuwa ko bakin titi ba ta taɓa zuwa da ƙafarta ba.

Abin da ya haɗa ni da ita alkawari ne. Ya ce ranar da ta kammala za mu saka ta a jirgin ruwa, mu bi bayanta, mu koma Kano gaba ɗaya. Yana yaro ya ga wani Bature malamin makarantarsu da irinta, shi da abokansa suka riƙa bin ta da gudu, ya kuma rantse musu wata rana zai faka tasa a gaban majalisarsu. Ni ba ruwana da majalisa. Mahaifiyata ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, kuma so nake in zauna kusa da ita kafin ta Allah ta kasance. Kullum muka yi waya sai ta ce yaushe, in ce saura kaɗan, Inna. Na faɗa har na fara jin kunyar bakina.

Inji ya gyaru, an yi fenti, an ɗinke kujeru. Abu ɗaya ya rage. Sitiyarinta a dama yake kamar na kowace mota a ƙasar nan, a gida kuwa an daɗe da canjin hannu, ba za a bar ta ta shiga a haka ba. Sai an mayar da shi hagu, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da wani dogon ƙarfe da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, irin wanda aka sa wa motocin da aka kai Amurka. Neman ƙarfen nan ne ya cinye mana Asabar ɗin shekara da shekaru. Zai fita da safe da shayinsa a filas, ya dawo da yamma hannu duk baƙin mai, ya zube a kujera ya ce, "Ba a samu ba, Hajiya. Ana dai ta searching."

Bara da kaka aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi tuƙi na ɗan lokaci. Asabar ta zo, na gan shi yana kai da komo tsakanin taga da kicin. Na ce ya tashi in kai shi babban rumbun tsofaffin kayan motan da yake yawan ambata, can ƙasan kogi.

"Bari kawai, akwai traffic."

"Ni zan tuƙa, ba kai ba."

"Wataƙila ma ba sa buɗewa yau."

"In mun je ma gani."

Na riga na ɗauki makulli. Ya bi ni yana jan ƙafa, ni kuma na ɗauka idon ne ke damunsa.

Ana yayyafi muka isa. Wani dogon gini ne na kwano a ƙarshen wata hanya mai ramuka, gabansa gawarwakin motoci jere, ciyawa ta fito ta cikin kujerun wasu. Ciki ya fi waje sanyi. Ƙofofin mota jingine da juna tun daga nan har bango, fitilu cike da akwatuna, bamba da salansa a rataye a sama, ko'ina warin tsohon mai da jiƙaƙƙen ƙarfe. Ya tuna mini da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sai dai nan ba hayaniya, ba mai jan mayafinka yana cewa Hajiya me kike nema. Gwiwata ta fara ciwo tun kafin mu kai tsakiya. Na tsaya ina kallon tarin sitiyari a wata kwana, ina tunanin a nan mijina ya ƙarar da ƙarfinsa, ni kuma a gida ina dafa masa abincin dawowa.

Mai wurin wani tsohon Bature ne mai hular sanyi, yana ɗingishi. Yana ganin maigidana ya washe baki, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambayi ido, ya tambayi jikoki. Har ya san muna da jikoki. Sannan ya juyo gare ni da fara'a.

"Tunda yau an zo da uwargida, na san ɗauka aka zo yi," in ji shi da Turanci.

Bai jira amsa ba. Ya ja tsani, ya hau da ƙyar, ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin tsumma mai maiƙo, ya shimfiɗe shi a kan tebur ya warware.

"Ga shi nan, na hannun hagu, lafiya ƙalau. Na gaji da sauko da shi ina mayarwa. Mutane sun nema, na ce yana da mai shi."

Na ce, "Tun yaushe yake nan?"

Ya ɗan sosa hularsa. Ya ce tun kafin kullen korona, da daɗewa ma. Ya ce maigidana yakan zo su sha shayi, ya taya shi ware fitilu, a sauko da ƙarfen ya jujjuya shi, ya ce sai wani zuwan. Yana faɗa yana dariya, don a wurinsa labarin aboki ne mai wuyar sha'ani.

Maigidana ya sunkuya a kan ƙarfen da idonsa mai lafiya, yana shafa shi da yatsa. Ya ce haƙoran kamar sun ɗan ci. Baturen ya ce ba abin da suka yi. Ni dai ba a gaban baƙo zan tona wa mijina asiri ba. Na ce a naɗe mana shi. Baturen ya dube ni, ya dubi abokinsa, dariyar ta ɗauke. Ya naɗe, ya kai mana har mota, ya kwantar da shi a kujerar baya.

Muka zauna a mota, ruwa yana sauka a kan gilashi. Na sa makulli amma ban murɗa ba. Na yi zaton zan yi faɗa, na ma shirya kalmomin, sai na tarar ba ni da ƙarfinsa. Gajiya ce kawai ta rufe ni, ta shekarun nan duka.

"Alhaji, me ya sa?"

Ya amsa yana kallon hannuwansa.

"Wa zan je in nuna wa, Hajiya? Duk waɗanda muka bi motar nan da gudu sun rasu. Na ƙarshensu ma ta waya na ji, ina cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Majalisar an rushe, an yi shaguna. Zuwan da na yi na ƙarshe, yaran unguwarmu suka riƙa tambaya baƙon wane ne." Ya share idon da aka yi wa aiki da gefen hannu. "Muddin tana gareji, ina da inda za ni. In ta kammala, shi ke nan."

Na tausaya masa, wallahi na tausaya. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma tausayin bai kashe abin da ke cina ba.

"Naka sun rasu, Allah Ya ji ƙansu. Ni tawa tana da rai. Shekarun nan da ka zauna kana shan shayi, ba naka kaɗai ka ci ba, har da nata."

Na ce masa zan yi booking ɗin jirgin zuwa Kano a satin nan, ni kaɗai, kuma ba hutun sati biyu ba ne irin na da. Motar kuwa ya haɗa ta ko ya bar ta, ya rage nasa.

Ya gyaɗa kai a hankali. Can ya juyo gaba ɗaya, don ta gefen nan ba ya ganina sosai, ya ce da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "In kin tafi, za ki dawo?"

Na buɗe baki in ce masa i, sai na ji ba zan iya ba, don ni ma ban sani ba. Na tayar da mota.